ME YA SA MAGANIN FESHI KE DAINA KAMA CUTAR DANKALI?

Duk manomin dankalin Turawa a Bokkos, Mangu ko Barikin Ladi ya san wannan cuta. Idan damina ta yi tsakiya, sanyi ya haɗu da yayyafi, sai a wayi gari ganye ya yi baƙin tabo kamar wanda wuta ta babbake, bayansa kuma da farin fumfuna. Kafin mako biyu gona ta kwanta, 'ya'yan da ke cikin ƙasa su ruɓe. Ita ce cutar da ta auka wa ƙasar Ayalan a 1845, har yunwa ta kashe mutum wajen miliyan 1.

Abin da ya fi ɗaure wa manomi kai shi ne ya zuba kuɗinsa ya sayi maganin da ya yi masa aiki bara, bana kuma ya fesa a banza. Ba kullum ne laifin na jabu ba. Ita kanta ƙwayar cutar tana iya fin ƙarfin magani.

An ga haka a Turai. A 1977 kamfanin Ciba-Geigy na ƙasar Suwizalan ya fito da metalaksil, wanda ake sayarwa da sunan Ridomil. Maganin yana shiga cikin jikin shuka, ruwan sama ba ya wanke shi, saboda haka manoma suka rungume shi, suka riƙa fesa shi shi kaɗai. Ba a je ko'ina ba, a 1980, sai ga irin cutar da ba ta jin sa ta ɓulla a Ayalan da Holan. Dole aka janye shi daga kasuwar Ayalan, bai dawo ba sai 1985, a gauraye da mankozeb.

Dalili kuwa shi ne, wuri ɗaya tak metalaksil ke bugun ƙwayar. Cikin miliyoyin ƙwayoyi ba a rasa 'yan ƙalilan da suka kuɓuta, su ne kuma za su hayayyafa su cika gona. Shi kuwa mankozeb ta wurare da yawa yake kamawa, don haka da wuya ƙwayar ta kauce masa, sai dai a kan ganye yake tsayawa, dole a maimaita bayan ruwa mai ƙarfi.

Labarin bai tsaya nan ba. A 2022 an tabbatar a ƙasar Denmak cewa wani sabon nau'in cutar ya bijire wa mandifrofamid, maganin da aka daɗe ana dogara da shi.

To, shawarar malaman gona ita ce: a fara feshi tun cuta ba ta bayyana ba, kada a rage awon da aka rubuta a jikin fakiti, a riƙa canza magani, kuma a duba sinadarin da ke ciki, domin suna biyu kan zo da abu ɗaya. A shuka iri mai lafiya, a binne ruɓaɓɓen dankali nesa da gona. Wanda ya karya lagon magani a gonarsa, iska za ta kai wa maƙwabcinsa.