Filtar baƙin mai: abin da ke ɓoye cikin gwangwanin da ke tsare injin Hilux

Duk wanda ke sammako daga Garam, kusa da Suleja, ya bi ta Bwari zuwa ofis a Abuja, ya san yadda ƙurar hunturu ke lulluɓe mota. Motocin a-kori-kura irin su Toyota Hilux, waɗanda hukumomin tarayya suka dogara da su, suna jure wannan hanya. Sai dai lafiyar injinsu ta rataya ne a kan wani ɗan gwangwani da ba a cika kula da shi ba, wato filtar baƙin mai.

Famfon injin yana zuƙo baƙin mai daga ƙasa ya tura shi cikin filta. Man yana ratsa wata takarda da aka nannaɗe, ta riƙe ɓurɓushin ƙarfe da baƙin hayaƙi da ƙura, sannan ya wuce zuwa sassan da ke gogayya. Ana auna dattin da maikiron. Kaurin gashin mutum ya kai kimanin maikiron 70, amma dattin da ya fi cin injin yakan gaza maikiron 20, wanda ido ba ya gani.

Tun shekarar 1923 Ernest Sweetland da George Greenhalgh suka ƙirƙiro filtar Purolator a Amurka. A yau nau'i biyu ne suka fi yawa. Mai takardar zaren itace tana da araha, amma ƙofofinta ba su daidaita ba. Mai zaren gilashi ko na roba ta fi tsada, ta fi kama ƙananan datti, ta kuma fi daɗewa kafin ta toshe.

Akwai bawul biyu da mai saye ba ya gani. Na farko yana buɗewa idan takardar ta toshe ko mai ya yi kauri da sanyin asuba, domin man da ba a tace ba ya fi rashin mai. Na biyu yana hana mai zurarewa idan an kashe mota, don kada injin ya tashi a bushe. A nan jabu ke yin ɓarna: fenti da suna irin na asali, amma takarda kaɗan, bawul kuwa rarrauna. Idan fitilar mai ta yi jinkirin mutuwa da safe, ko injin ya yi ƙarar ƙarfe na ɗan lokaci, a zargi filta.

Ga jami'in da ke sa hannu a takardar sabis, da direban da za a tuhuma idan injin ya buga, dabarar ba ta da wuya. A sayi filta bisa lambar da ke littafin motar, ko a Zuba ne ko a Apo. A canja ta duk lokacin juyen mai, a kuma matso da lokacin idan hanyar mai ƙura ce. A duba filtar iska, domin ta nan ƙura ke shiga. A ce wa bakanike ya ajiye tsohuwar, a tsaga ta a ga cikinta. Kuɗin filta mai kyau bai kai ko kusa da na sauke injin ba.