Cinikin Biri A Sama: Kafin Ki Tura Kuɗin Kaya Ta Waya

A wannan wata za mu tattauna ne a kan wani al'amari da ya biyo mu har cikin ɗaki, wato sayen kaya masu tsada a hannun masu talla ta intanet.

A da, idan uwargida tana son turmin atamfa ko sarƙar gwal, dillaliya ce ke ɗauko ƙullinta ta shigo har tsakar gida. A shimfiɗa tabarma, a baje kaya, a taɓa, a ɗaga a rana, a yi tayi, ta ce albarka, a ƙara, ta sallama. Idan daga baya aibu ya bayyana, an san gidanta, an san mijinta, an san mai unguwarsu. To yanzu dillaliya ta koma cikin waya. Kina zaune a gefen gado za ki ga leshi, shadda, gwal na Dubai, kujerun Turkiyya, firij da injin wanki suna wucewa a Instagram, Facebook, TikTok da WhatsApp. Babu shakka wannan sauƙi ne, musamman ga wadda ba ta cika fita kasuwa ba, kuma akwai bayin Allah da yawa, mata 'yan uwanmu, da suke neman halaliyarsu ta nan cikin gaskiya da riƙon amana. Sai dai abin da ya sa dillaliya ta kasa cutar ki, wato an san inda za a same ta, shi ne ya ɓace. Kuma kuɗin da ake turawa ba ƙanana ba ne: kwasar adashin shekara, kuɗin kayan ɗakin 'ya, ko na lefen ƙane da aka damƙa miki amana.

Yadda suke ɗana tarkon

Ɗan damfara ba ya buƙatar shago, ba ya buƙatar ko da turmi ɗaya. Hotuna da bidiyo yake kwasowa daga shafin wani ɗan kasuwa na gaskiya ya zuba a nasa. Mabiya kuwa sayen su ake yi, don haka dubban mabiya ba shaida ba ce. Haka nan hotunan hirar da ake liƙawa, inda wata take cewa kaya sun iso Allah Ya saka da alheri, mutum ɗaya mai waya biyu zai iya rubuta su duka kafin la'asar. Wani ma ba ya wahalar da kansa: sunan shago sananne zai ɗauka ya ƙara harafi ɗaya ko ɗigo, ya sa hotonsu, sai ki zaci da su kike magana.

Daga nan sai farashi. Za a sa shi ƙasa da na kasuwa sosai, a kawo dalili mai daɗin ji: ana tashi daga shago, ko kayan gwanjon kwastan ne. Hukumar Kwastan ta sha yin gargaɗi a kan masu tallar gwanjo da sunanta a Facebook da WhatsApp, domin ba ta sayar da kaya ta asusun wani mutum. Hausawa sun ce banza ba ta kai zomo kasuwa. Gwal musamman, farashinsa na duniya ne, da giram ake auna shi, kuma duk mai shi ya san inda zai kai a ba shi kuɗinsa a take. Me zai sa ya bar miki a rabin kuɗi, ke da bai taɓa gani ba?

Sai kuma gaggawa. Saura guda biyu, wata Hajiya na jira, in ba ki tura yanzu ba za a ba ta. Ana yin haka ne don kada ki sami sararin yin shawara. Kina turawa, sai labari ya canza: kaya sun maƙale a hanya, a ƙaro kuɗin mota, a ƙaro na kwastan, a ƙaro na inshora wanda wai za a mayar miki. A nan ne mata da yawa ke zurfafawa, domin zuciya tana cewa in ban ƙara ba, na farkon ya tafi. Gaskiya ita ce na farkon ya riga ya tafi, ƙarin kawai ake tatsa. Ranar da kika ce ba ki da saura, ranar za a toshe lambarki.

Akwai wanda ya fi wannan ciwo. Sai su ƙwace WhatsApp ɗin ƙawarki ko malamarku, ta hanyar yaudarar ta ta faɗa musu lambobi shida da aka turo mata, sannan su shiga talla da sunanta a zauren matan unguwa ko na dangi. Don haka ko 'yar uwarki ce ta rubuto miki maganar kuɗi, ki kira ta a layi ki ji muryarta, ki tambaye ta abin da ku biyu kaɗai kuka sani.

Abin da malamanmu suka faɗa tuntuni

Wani abin sha'awa shi ne, wannan mas'ala ba sabuwa ba ce a fiƙihu. Duk wadda ta karanta Risala ta Ibn Abi Zaid Alƙairawani, wanda ya rasu a shekara ta 386 bayan Hijira, ta wuce ta kanta a babin ciniki. Malam ya bayyana cewa ya halatta a sayar da abin da ba ya wurin ciniki ta hanyar siffanta shi, amma ba a sharɗanta biyan kuɗinsa tun kafin ya zo, sai idan wurinsa kusa ne, ko kuma abu ne da ba a tsoron canzawarsa, kamar gida ko fili. Ki duba hikimar, 'yar uwa. Fiye da shekara dubu ke nan, babu waya babu banki, amma an gano inda haɗarin yake: kuɗi ya bar hannunki alhali kaya ba su shigo ba.

Wata za ta ce, to masu yi mana oda daga Sin ko Dubai fa, ai sai an biya suke sarowa? Haka ne, kuma shari'a ta san cinikin da ake ba da kuɗi gaba a karɓi kaya daga baya, shi ne salam. Amma da sharuɗɗansa: a san nau'in kaya, a san siffarsu da adadinsu, a yanka lokacin da za a kawo. Aya mafi tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, umarni ce da rubuta bashi da kafa shaidu. Mu kuwa sai mu tura dubban ɗaruruwa a kan saƙon murya guda, ba rubutu ba shaida, wai kada a ce ba mu yarda da mutum ba. A ganina wannan kunya ce da ba a wurinta take ba. Neman rasit da shaida ba zargi ba ne, kuma mai gaskiya ba ya jin haushinsa.

Binciken minti goma

Kafin komai, ki tambayi inda shagon yake: wace kasuwa, wane layi, lamba nawa. Idan an ce Kantin Kwari ne ko Sabon Gari, ko kasuwar Wuse a Abuja, da wuya ki rasa ɗan uwa ko ɗan maƙwabta da zai leƙa ya gano miki. Gani ya kori ji. Ga kaya masu tsada, ni ba na ganin akwai abin da ya kai wannan, ko da za ki biya wa ɗan aiken kuɗin mota. Idan gari ya yi nisa, ki nemi a kira ki ta bidiyo kai tsaye, a nuna miki kayan, a juya su yadda kika ce, a ɗora takarda mai sunanki da kwanan wata a kansu. Wanda kullum kyamararsa a lalace take, ko kullum ba ya shago, ya riga ya ba ki amsa.

Shafin kansa yana tona asirin mai shi. A Instagram akwai wurin da ke nuna lokacin da aka buɗe shafi da ko an taɓa canza masa suna. Shagon da ke cewa ya shekara goma amma watan jiya aka buɗe shafinsa, ko wanda ya kulle wurin sharhi don kada waɗanda ya cuta su yi magana, a yi hattara da shi. Hoton kayan ma za ki iya sa shi a Google Lens ki ga ko na wani shago ne a Legas ko Istanbul. Idan ya ce kamfani ne mai rajista, Hukumar Rajistar Kamfanoni, wato CAC, tana da shafin da ake duba suna kyauta. Rajista dai ba ta mayar da maƙaryaci mai gaskiya, amma wanda ya yi ƙarya a kanta kin gama da shi.

Sannan ki lura da sunan da ke fitowa idan kika sa lambar asusu, kafin ki danna tura. Shago sunansa daban, mai maganar sunanta daban, asusu kuma na wani namiji ne da ba a taɓa ambata ba? Za a ce miki na yaron shago ne, ko nata ya sami matsala. Ki tsaya. Kuma babu wani ciniki a duniya da ke buƙatar lambar sirrin katinki, ko BVN, ko lambar da banki ke turowa ta tabbatarwa. Mai sayarwa kuɗi zai karɓa, ba makullin asusunki ba. Bari in ƙara da wannan tunda mun zo wurin: ki ja kunnen yaranki kada su ara wa kowa asusunsu a turo kuɗi, domin da irin waɗannan asusun ake karɓar kuɗin zamba, kuma mai sunan ake fara kamawa.

Game da biya, mafi aminci shi ne a kawo, ki duba, ki biya. Manyan shagunan intanet irin su Jumia suna da tsarin biya bayan an kawo a kan wasu kaya, da tsarin mayarwa. Jiji kuwa dandalin talla ne kawai, yana haɗa ki da mai kaya, kuma su da kansu suna gargaɗin kada a biya kafin a gani. Idan dole sai an ba da wani abu, to ya zama kafin alƙalami kaɗan wanda in ya salwanta ba zai hana ki barci ba, sauran kuma a ajiye a hannun amintaccen da ku duka kuka yarda da shi. Ki fara gwada sabon mai sayarwa da ƙaramin abu, amma kada nasarar farko ta sa ki saki jiki, domin wasu da gangan suke cika alkawari sau biyu don su kwashe na uku.

Idan kaya sun iso

Kada ki sallami wanda ya kawo sai kin buɗe, kuma yana da kyau wani ya ɗauki bidiyon buɗewar tun daga ɗaurin. Gwal yana da hatimi a jiki: 750 na nufin karat 18, 875 karat 21, 916 karat 22. Amma hatimi ma ana buga na jabu, kuma gwajin maganaɗisu bai wadatar ba, tunda tagulla ma ba ta kama shi. A kai wa masu sana'ar su gwada, su ɗora a sikeli, a rubuta miki giram da karat a rasit. Waya kuwa, ki danna *#06# lambarta mai lamba 15 za ta fito, ki gwada da ta jikin kwali. Idan iPhone ce ta hannu, a tabbatar mai ita na farko ya cire asusunsa na iCloud a gabanki, in ba haka ba kin sayi madubi. Atamfar Holan tana da rubutu da lambar zane a bakinta, sai dai masu kwaikwayo sun iya wannan ma, don haka a nuna wa wadda hannunta ya saba da ita.

In kuma ƙaddara ta faɗa

Abin da ya fi taimakon 'yan damfara shi ne shirunmu. Mace za ta kwana uku tana kuka a ɓoye, tana tsoron faɗan maigida ko dariyar kishiya, su kuwa cikin mintuna suke rarraba kuɗin zuwa wasu asusun. Ki faɗa wa maigida a ranar. Ki kira bankinki nan take, sannan ki je da kanki ki shigar da ƙorafi a rubuce, a ba ki lambar ƙorafin. Banki na iya tuntuɓar bankin da kuɗin ya shiga don a dakatar da asusun, kuma sau da yawa za su nemi rahoton 'yan sanda ko umarnin kotu. Idan mako biyu ya wuce ba su yi komai a kan ƙorafin ba, ana iya kai shi sashen kare haƙƙin abokan hulɗa na Babban Bankin Najeriya. Ba kullum kuɗi ke dawowa ba, amma wadda ta yi sauri ta fi kusa da samu.

Kada ki goge komai saboda ɓacin rai. Hirarku, saƙon murya, lambar waya, lambar asusu, shaidar tura kuɗi da hoton shafin, duk ki adana, domin su ne hujjarki a gaban 'yan sanda ko Hukumar EFCC. Wannan laifi ne da doka ta tanadar wa hukunci, a dokar zamba ta 2006 da dokar laifukan intanet ta 2015 wadda aka yi wa gyara a 2024. Idan kuwa shagon na gaskiya ne amma ya kawo miki abin da ba shi kika saya ba kuma ya ƙi karɓa, hukumar kare haƙƙin masu saye, FCCPC, tana karɓar irin wannan ƙara.

Bayan haka ki sa ran wani kiran. Wani zai bugo ya ce shi jami'i ne, ko masanin kwamfuta, zai dawo miki da kuɗinki in kin biya wani abu kaɗan na aiki. Sau da yawa mutanen farko ne suka sake shiga, ko suka miƙa lambarki ga abokansu. Ki kashe wayar, ki ƙara lambarsa a cikin hujjojin da za ki kai.