Amsa-kamar Barci a Harshen Japananci

Bahaushe ya saba da amsa-kama, irin su *tsit* da *fat* da *wur*. Japananci ma yana da su birjik. Wani ƙamus da masani Ono Masahiro ya shirya, wanda ya fito a 2007, ya tattara guda 4,500. Masanan harshen sun kasa su manyan gidaje biyu: *giongo*, masu kwaikwayon sautin da kunne ke ji, da *gitaigo*, masu siffanta yanayin da ba ya da ƙara ko kaɗan. Barci yana da kaso a kowane gida.

Aikatau na barci, wato *neru* ko *nemuru*, ba ya faɗin irin barcin da aka yi. Amsa-kamar ce ke ɗaukar wannan nauyi, mataki-mataki.

Matakin farko shi ne *uto-uto*, gyangyaɗin da ke satar mutum yana zaune a aji ko cikin jirgin ƙasa. Idan kai ya fara sunkuyawa yana ɗagowa, an shiga *kokkuri-kokkuri* ke nan. *Utsura-utsura* kuwa na wanda ke tsakanin barci da farke ne, irin mai fama da zazzaɓi.

Da barci ya kankama sai kalmomin su canza. *Suya-suya* barcin jariri ne mai natsuwa, numfashi na fita a hankali. *Gussuri* shi ne barci mai nauyi da ke wartsake gajiya, kuma shi ake tambayar baƙo da safe ko ya samu. *Guu-guu* munshari ne, kuma da ita ake siffanta kukan cikin mai jin yunwa. Mai magagi yana ƙunƙuni, nasa *munya-munya* ne. Wanda ya dawo aiki a gajiye, yana faɗawa shimfiɗa barci ya kwashe shi, an ce ya yi *batan-kyuu*.

Akwai tsari a cikin sautukan. Baƙaƙe masu ziza, irin su g da b, sukan nuna nauyi ko ƙara, marasa ziza kamar s kuma su nuna sauƙi da laushi. Shi ya sa numfashin mai barci a hankali yake *suu-suu*, na mai munshari kuma *guu-guu*. Maimaita kalma kan nuna abin yana ci gaba. Mai koyon Japananci da ya gane wannan tsari yakan iya cankar ma'anar amsa-kamar da bai taɓa ji ba.