Tsatsar Wayoyin Lantarki: Ciwon Da Ke Kwantar Da Tsohuwar Mota A Hanya

'Yan uwa fatake, kowa ya san tashin hankalin da ake shiga idan mota ta mutu da shanu a cikinta, rana tsaka, ga kasuwar Maigatari ta Alhamis tana jira. Dabba ta galabaita, wata ta faɗi 'yan uwanta su tattake ta, farashi ya karye tun ba a isa kara ba. Sau da yawa akan ɗora wa batir laifi a ruga a sayo sabo, alhali kuwa lafiyarsa lau. Tsatsa ce ta ci bakin wayoyi, wuta ta kasa wucewa.

Mu masu jigilar dabbobi abin ya fi shafarmu. Fitsarin shanu da ke tsiyayowa ta ƙasan bodi yana cin tagullar waya, ga ruwan damina da muke ratsawa, ga girgizar hanya mai sassauta noti. Haka ma tsofaffin ƙananan motocin nan da masu yawon buɗe ido ke kwana a ciki, irin waɗanda Turawa suka riƙa ƙetaro Sahara da su suna sayarwa a Agadas a shekarun 1980, wayoyinsu sun daɗe da tsufa.

To, yaya ake gane ta? A kunna fitilun gaba, sannan a murza makulli. In fitilu suka dushe, aka ji "ƙas-ƙas" kawai injin bai juya ba, a fara duba kan batir. Farin gari ko kore-kore a wurin, tsatsa ke nan. A taɓa kawunan da hankali bayan an gwada tayarwa, wanda ya yi zafi nan wuta ke maƙalewa. Sai a bi wayar da ta haɗa batir da jikin mota, wadda kanikawa ke ce wa "mas". Ita aka fi mantawa da ita don tana can ƙasa cikin taɓo, kuma idan ta lalace mota sai ta zama kamar mai aljanu: ka taka birki, fitilar sigina ta kama.

Wanda ke da mitar awon wuta, aikinsa ya zo da sauƙi. Cikakken batir yana nuna wajen volt 12.6 idan injin na kashe, ya hau kusan 14 idan yana aiki. Babbar mota mai batir biyu a jere, sai a ninka. A ɗora tsinken mita ɗaya kan dalmar batir, ɗayan kan ƙarfen da ya kama ta, wani ya murza makulli. Kamata ya yi a ga kusan sifiri. Idan ta kai rabin volt, wannan mahaɗin ya lalace ko da ido na ganinsa fes. Haka za a bi wayar, mahaɗi bayan mahaɗi.

Motar gas da ke mutuwa tana cikin tafiya, a duba 'yar wayar da ke shiga famfon gas, don a yawancin ƙananan motoci ita ke buɗe wa mai hanya. A bar injin na aiki a girgiza ta a hankali, a yi nesa da fanka. In ya yi tari ko ya mutu, an kama ɓarawo.

Wajen wankewa, a kashe injin, a fara cire kan batir mai alamar ragi (-), shi ne kuma na ƙarshen mayarwa. Kada a kusanto da taba ko ashana, iskar batir tana kama wuta. Kanwar da muke ba shanu ma tana aiki: a jiƙa ta a wanke kan da ita, amma kada ta shiga cikin batir. A kankare har ƙarfe ya yi haske, a ɗaure tam, sannan a shafa giris a bisa. Idan aka fere roba aka tarar koren ya bi cikin waya, wanki ba ya yi mata, a yanke har inda tagulla ke ja a sa sabon kai.