Ciwon Haƙori da Matakin da Yake Bukatar Aikin Saiwa

1.0 Gabatarwa

A bakin Bahaushe "ciwon haƙori" suna ne guda, amma a wurin likita matakai ne daban-daban, kowanne da irin maganinsa. Wannan maƙala ta taƙaita ne a kan matakin da ciko ba ya wadatarwa, wato inda sai an shiga cikin saiwar haƙorin an yi aiki. An zaɓi a kira shi "aikin saiwa" domin kalmar "jijiya", wadda aka fi ji a bakin jama'a, ta yi faɗi da yawa: tana ɗaukar hanyar jini, da mai kai saƙon zafi, da ma saiwar itace.

2.0 Yadda Ruɓa Take Tafiya

Haƙori hawa uku ne: farin ɓawo mai tauri a waje, da wani sashe mai kama da ƙashi a ƙarƙashinsa, sannan ɓargo a tsakiya. A cikin ɓargon nan ne jijiyoyin jini da na jin zafi suke, suna bi ta 'yan siraran hanyoyi zuwa ƙarshen saiwa.

An daɗe ana ɗora wa tsutsa laifin kogon haƙori, ba a ƙasar Hausa kaɗai ba. Pierre Fauchard na Faransa ya soki wannan zato a littafinsa na 1728, sannan a wajajen 1890 W. D. Miller ya nuna cewa ƙwayoyin cuta ne na baki suke sarrafa zaƙi ya zama tsami, tsamin kuma ya riƙa zaizaye haƙori. Muddin zaizayar ba ta taɓa ɓargo ba, kankarewa da ciko sun isa.

3.0 Abin da Zafin Yake Nunawa

Yanayin zafin, ba tsananinsa kawai ba, shi ne manunin farko. Idan ruwan sanyi ya sa haƙori ya tsira wa mutum, amma da zarar an haɗiye ya lafa, to ɓargon yana iya farfaɗowa. Idan kuwa zogin ya zarce daƙiƙa 30 bayan sanyin ya wuce, ko yana tasowa haka kawai, ko yana hana barcin dare, to galibi kumburin ɓargon ya wuce gyara. Dalili shi ne ɓargon yana kulle cikin bango mai tauri, ba shi da wurin da zai kumbura.

Mataki na gaba shi ya fi yaudara. Sai zafin ya ɗauke ɗif, mai ciwo ya ɗauka kanumfarin da ya danna a kogon ne ya yi aiki. Lalle man kanumfari yana dusashe raɗaɗi, amma sau da yawa shirun nan alama ce ta mutuwar ɓargo. Daga nan ƙwayoyin cuta sukan gangara ƙarshen saiwa su tara mugunya: haƙori ya yi duhu, tauna ta gagara, ƙurji ya ɓullo a dasashi. Ƙwayoyin kashe cuta da ake sha ba sa kawar da tushen matsalar, tun da jinin da zai kai su wurin ya daina shiga. Kumburin da ya sauka ƙasan muƙamuƙi har haɗiya ko numfashi ya yi wuya kuwa, batu ne na gaggawa, domin yana iya kisa.

4.0 Aikin Kansa

Likita yakan tabbatar da matakin ta hanyar ƙwanƙwasa haƙorin, da gwajin sanyi, da ɗaukar hoton saiwar. Bayan allurar kashe zafi sai ya huda haƙorin, ya kwashe ɓargon, ya wanke hanyoyin, ya toshe su da wani ƙaro mai suna gutta-percha. Haƙoran gaba yawanci hanya ɗaya gare su, turame kuwa uku ko huɗu, shi ya sa aikinsu ya fi cin lokaci, kuma akan sa musu hula daga baya don kada su tsage wajen tauna. Inda saiwar ta riga ta tsage a tsaye, ko ruɓa ta cinye abin da hular za ta kama, sai dai a cire haƙorin.