Taurin Bayan Gida: Abin Da Muke Jin Kunyar Faɗa

Yau zan yi bayani a kan bushewar ciki, wato taurin bayan gida. Na san wasu za su yi dariya, amma da yawanmu yana damun su, kunya ce take hana su faɗa.

Likitoci sun ce idan mutum ba ya zagayawa sau uku a mako, ko kuma sai ya yi ta yunƙuri da ƙyar, to cikinsa ya bushe. Ga yadda abin yake faruwa. Babban hanji, wanda tsawonsa ya kai kamar mita ɗaya da rabi, aikinsa shi ne tsotse ruwa daga ragowar abinci. Idan ragowar ta daɗe a ciki, sai ya yi ta tsotsa har ta yi tauri. Shi ya sa ɗalibin da yake matse bayan gida har a tashi daga makaranta, don yana ƙyamar banɗaki, kansa yake cuta. Haka ma wanda ba ya shan ruwa da hunturu saboda ba ya jin ƙishirwa.

Yawan yunƙuri yana kawo basir. Akwai kuma wani ciwo da bangon babban hanji yake fitar da 'yan ƙananan aljihuna. An fi samunsa ga dattawa. Idan aljihun ya kumbura, sai a ji ciwo a ƙasan ciki ta hagu, da zazzaɓi. A 1971 wasu likitoci biyu, Neil Painter da Denis Burkitt wanda ya yi aiki a Uganda, sun rubuta cewa ciwon ya yi yawa a Turai amma da wuya a gan shi a ƙauyukan Afirka. Suka ce dalili shi ne Turawa suna cire dusar hatsinsu.

To mu ma ai yanzu haka muke yi. A surfe gero ko dawa tas, a ba akuya dusar, mu kuma mu kama biredi da taliya da cincin. Dusa da ganye su ne suke riƙe ruwa a hanji, bayan gida ya yi laushi. Kuma ba sai an je Kano ba, a kasuwar Rano ko ta Kibiya akwai zogale, rama, kuɓewa, wake, gwanda da kankana. A ganina kwaɗon zogale na tara ya fi biskit amfani nesa ba kusa ba. Amma a ƙara a hankali, a haɗa da ruwa sosai, in ba haka ba ciki zai cika da iska. Wasan guje-guje ma yana motsa hanji.

Wasu suna jiƙa filasko su sha. Yana sa zawo, amma bai kamata yaro ya sha da kansa ba. Idan aka ga jini, ko amai, ko ciwon ciki mai tsanani, a gaya wa Umma ko Baba nan take a tafi asibiti.