Tabar Wiwi Mai Aure: Yadda Aka Sauya Halittar Ganyen

Tabar wiwi shuka ce ta shekara guda: ta tsira, ta yi fure, ta zuba ƙwaya, ta bushe. Asalinta daga yankin tsakiyar Asiya ne, inda aka daɗe ana nomanta domin zare da mai da magani. Karanta miƙaƙƙe ne, ganyenta kuma a rarrabe yake, yawanci yatsu biyar zuwa tara, gefensa da tsini-tsini irin haƙoran zarto. Wanda ya saba ganin rama a gefen gonakin Furfuri ko a fadamun Bunguɗu yana iya rikita su daga nesa, domin akwai ramar da ganyenta yake a tsattsage haka. Amma ba dangi ba ne. Rama 'yar gidan su kuɓewa da yakuwa da auduga ce, kuma babu abin bugarwa a jikinta.

A wiwi akwai mace akwai namiji, kowa da gindinsa, yadda yake ga dabino. Namijin bununi kawai yake saki, iska ta ɗauka ta kai wa macen. Macen ce ke tara furanni cunkus a ƙarshen rassa, kuma a jikin furannin akwai wasu ƙananan gasu masu sheƙi da ke fitar da danƙo mai wari. Idan aka murza furen da yatsa sai ya manne. A cikin wannan danƙon ne sinadaran shukar suke taruwa. Sun haura ɗari, amma biyu ne suka fi shahara. Na farko shi ne THC, wanda ke bugarwa. Masana biyu, Raphael Mechoulam da Yechiel Gaoni, su ne suka ware shi suka gano tsarinsa a 1964. Na biyu shi ne CBD, wanda ba ya bugarwa, kuma shi ne masu haɗa magunguna suka fi mai da hankali a kansa. Duk labarin auren irin wiwi a kan waɗannan biyun ya tsaya: a ɗaga na farko, ko da na biyu zai faɗi.

Masana tsirrai sun ba shukar sunaye uku a lokuta daban-daban. A 1753 Carl Linnaeus na ƙasar Siwidin ya kira wadda ake nomawa a Turai da sunan sativa. A 1785 Bafaranshe Lamarck ya ga wani samfuri daga Indiya ya kira shi indica. A 1924 wani masani ɗan Rasha, Janischewsky, ya bayyana wata ƙarama da ke fitowa da kanta a gefen hanya, ya sa mata ruderalis. Har yau ba a gama jayayya ba a kan ko jinsi uku ne ko jinsi ɗaya mai rassa, sai dai da yake duk suna barbarar juna su haifi iri mai haihuwa, masana da yawa sun fi karkata ga cewa ɗaya ne.

A bakin masu harkar, wadda ake ce wa sativa ita ce ta ƙasashe masu zafi irin Kolombiya da Mekziko da Tailan da Afirka. Doguwa ce, tana iya wuce mita uku, ganyenta siriri, rassanta a wawware, kuma tana da nawa wajen nuna. Wadda ake ce wa indica ta duwatsun Afganistan da Pakistan ce: gajera, mai duhuwa, mai faɗin ganye da yawan danƙo, tana nuna da wuri domin sanyi ba ya jiran kowa a can. Ruderalis kuwa ba ta kai ƙugu ba, THC ɗinta kaɗan ne, amma tana da wata ɗabi'a da sauran ba su da ita.

Manomin Zamfara zai gane wannan bambanci daga dawa. Dawar gargajiya, kaura ko farfara, ko an shuka ta da ruwan fari ko an makara, kusan lokaci ɗaya take fitar da kai, wajen ƙarshen damina. Dalili shi ne tana auna tsawon dare, ba yawan kwanakinta ba. Sativa da indica haka suke: sai dare ya ƙara tsawo suke fara fure. Ruderalis ita kaɗai ce ke yin fure idan ta kai wasu makonni, ko rana ta yi tsawo ko ta gajarta. Masu auren iri sun ɗauko wannan hali sun dasa a cikin wasu nau'o'in.

Auren irin wiwi na zamani ya kankama ne a jihar Kalifoniya ta Amurka a shekarun 1970. Irin ƙasashe masu zafi da ake da shi a lokacin ba ya nuna kafin sanyin ƙasar ya shigo. Sai matafiya suka dawo da ƙwayar Afganistan, aka haɗa ta da ta Kolombiya da ta Mekziko. Daga wannan haɗi aka samu wanda aka sa wa suna Skunk, wanda ya ɗauko gajarta da saurin nuna daga ɓangaren Afganistan, ya ɗauko ƙarfi da yabanya daga ɗaya ɓangaren. A shekarun 1980, da hukuma ta matsa a Amurka, harkar ta koma ƙasar Holan, wadda tun 1976 ta sassauta a kan sayar da ɗan kaɗan. A can aka buɗe kamfanonin sayar da iri, kuma sunaye irin su Haze da Northern Lights suka bazu. Yawancin nau'o'in da ke yawo a duniya yanzu jikokin waɗannan ne.

Siffofin iri mai aure sun biyo bukatar masu shi. An so shuka matsakaiciya wadda za ta zauna a rufaffen ɗaki ƙarƙashin fitilun lantarki, nesa da idon jami'ai, ta nuna da sauri, ta yi fure mai nauyi. An kuma raba ta da namiji gaba ɗaya, domin macen da bununi bai taɓa ta ba ba ta yin ƙwaya, sai furen ya cika da danƙo. Wiwin da ake naɗawa a da haɗi ne na ganye da kara da ƙwaya da ɗan fure. Na yanzu fure ne zalla.

Akwai kuma ƙa'idar gado wadda ta shafi kowane iri mai aure. Manomin da ya taɓa sayen masara mai aure ya ga yadda shukar farko take fitowa kai ɗaya, da ƙarfi da yawan amfani. Idan kuwa ya ajiye iri daga cikinta ya sake shukawa baɗi, sai gonar ta fito barkatai, wata doguwa wata gajera. Halayen iyayen ne suke sake rarrabuwa a jikoki. Wiwi ma haka take, shi ya sa masu nomanta a waje suka fi dogara ga dashen reshe daga uwa guda. Bambancin shi ne irin masara yana fitowa daga cibiyoyi irin Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru a Zariya, an gwada shi, an yi masa rajista, an san iyayensa. Irin wiwi a ɓoye aka haɗa yawancinsa, babu rajista babu mai tantancewa. Wani binciken ƙwayoyin gado da aka wallafa daga Kanada a 2015 ya gano cewa sau da yawa sunan da ke jikin nau'i ba ya nuna ainihin asalinsa. Abubuwa biyu masu suna ɗaya suna iya zama ba su haɗa komai ba. Maganar da ake yawan yi cewa sativa tana sa kuzari, indica tana sa barci, ta fi kusa da talla fiye da ilimi.

Abin da ba talla ba shi ne ƙarfin. Jami'ar Misisifi ta daɗe tana auna wiwin da hukumomin Amurka suka kama. A 1995 matsakaicin THC a cikinsa kusan kashi 4 cikin ɗari ne. A 2014 ya kai kusan kashi 12. A tsakanin nan CBD raguwa ya yi. A shagunan ƙasashen da suka halatta ta, fure mai kashi 20 zuwa sama ba abin mamaki ba ne yanzu. Saboda haka dattijon da ke cewa ya san wanda ya shekara talatin yana zuƙa bai haukace ba, wani ganye yake magana a kai, ba wanda ke hannun yaran yau ba.

Likitoci sun bi sawun wannan sauyi. A 2019 mujallar Lancet ta likitocin ƙwaƙwalwa ta wallafa binciken da aka yi a wurare 11 a Turai da Barazil. An ga cewa masu shan wiwi kullum sun ninka waɗanda ba su taɓa sha ba kusan sau uku wajen haɗarin kamuwa da taɓin hankali, kuma idan mai ƙarfi suke sha, wato mai THC daga kashi 10 zuwa sama, haɗarin ya kusa ninki biyar. Ba kowane mai sha ne ke taɓuwa ba. Haɗarin ya fi yawa ga wanda ya fara da ƙuruciya, tunda ƙwaƙwalwa ba ta gama ginuwa sai wajen shekara 25, da kuma wanda akwai ciwon a danginsu. Alamomin farko sukan zo a hankali: yaro ya daina barci da dare, ya riƙa zargin ana maganarsa, ya janye daga cikin mutane, ya yi dariya ko magana shi kaɗai. A gidaje da yawa nan take ake cewa iska ce ko sammu, a yi watanni ana neman magani a inda ba ya nan.

A Najeriya, shan wiwi ya yaɗu ne bayan Yaƙin Duniya na Biyu, ta hannun sojoji da ma'aikatan jiragen ruwa da suka dawo daga Indiya da Bama da Arewacin Afirka. Nomanta ya fi kafuwa a dazuzzukan kudu maso yamma. Wani ƙiyasi da ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai kula da miyagun ƙwayoyi ya yi tare da hukumomin Najeriya ya nuna cewa a 2019 akwai kimanin hekta 8,900 na gonakin wiwi a jihohi shida: Edo, Ekiti, Ogun, Ondo, Osun da Oyo. Da yawan gonakin a cikin gandun dajin gwamnati suke, an sare itatuwa an ƙone. Binciken ƙasa na 2018 kuma ya ƙiyasta cewa mutum miliyan 10.6 ne suka sha wiwi a cikin shekara guda. Daga kudu ake danne ta sinƙi-sinƙi a ɓoye cikin kaya a hau da ita arewa. Hanyar da ta taso daga Funtuwa ta ratsa Tsafe ta shiga Gusau, ta wuce Bunguɗu zuwa Sakkwato, ita ce babbar ƙofar jihar Zamfara, kuma hukumar NDLEA mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi ta sha sanar da kama masu kai ƙwaya da wiwi ga 'yan bindigar daji. A Zamfara maganar ta wuce ta lafiya kawai.

Sunayen da ake ji a bakin matasa suna bukatar a rarrabe su. Wanda ake kira Loud, musamman na Kanada, fure ne na iri mai aure da ake shigowa da shi ta tashoshin jiragen ruwa da na sama na Legas, sau da yawa a cikin kwantenar motocin gwanjo, shi ya sa yake da tsada. Wanda ake kira Colorado ko Colos kuwa galibi ba irin shuka ba ne ko kaɗan. Busasshen ganye ne da aka fesa wa sinadaran da aka haɗa a ɗakin gwaji, waɗanda ke kama ƙwaƙwalwa fiye da THC nesa ba kusa ba. Babu mai sanin adadin da ke cikin ƙulli guda, har shi mai sayarwar. Suna kawo jijjiga da suma da lalacewar ƙoda, suna kuma kisa. Ɗan'uwansu ne kush, wanda ya sa shugaban Saliyo Julius Maada Bio ya kafa dokar ta-ɓaci a kansa a watan Afrilun 2024.

Ana kafa hujja da cewa wasu ƙasashe sun halatta wiwi. Gaskiya ne Yurugwai ta yi haka a 2013, Kanada a 2018, kuma Lesoto da Maroko sun ba da izinin nomanta domin magani. A 2018 Amurka ta amince da wani maganin CBD na wasu nau'o'in farfaɗiya masu tsanani ga yara. Amma wannan magani ne tatacce, mai awo, da likita ke rubutawa. Akwai kuma nau'in da ake nomawa domin zare da mai, wanda dokar Amurka ta ce THC ɗinsa kada ya wuce kashi 0.3 cikin ɗari. Babu ɗayan waɗannan da ya yi kama da abin da ake sayarwa a bayan tasha.

Dokar Najeriya ba ta bambanta iri mai aure da na gida. Dokar soja ta 1966 ta tanadi kisa ko ɗaurin shekara 21 ga mai noma wiwi. An sassauta ta a 1975. Dokar da ta kafa NDLEA a 1989 ta tanadi ɗaurin rai da rai ga mai nomawa ko shigowa da ita, da shekara 15 zuwa 25 ga wanda aka kama da ita. A ɓangaren addini, malamai irin su Ibn Taimiyya, wanda ya rasu a 1328, sun daɗe da haɗa hukuncinta da na giya, kuma Zamfara tana bin shari'ar Musulunci tun shekara ta 2000.

Wanda ya riga ya kamu, ɗaure shi da mari ko dukansa ba ya cire ciwon. Taɓin hankalin da wiwi ke jawowa yana jin magani, musamman idan an zo da wuri kuma an daina sha. Iyayen da suka ga alamu a ɗansu su kai shi Cibiyar Lafiya ta Tarayya da ke Gusau, ko asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya da ke Kware a jihar Sakkwato, su kuma faɗa wa likita gaskiyar abin da yake sha.